Ranar Da Na Faɗi Gaskiya A Kotu

Ba zan faɗi sunana ba. Ba wai ɓoyewa nake yi ba, don a Tudun Wada duk wanda ya haura shekara arba'in ya san ni. Ku matasa nake so ku karanta wannan, musamman waɗanda ba su ajiye iyali ba tukuna, saboda abin da zan faɗa ya fi shafar 'ya'yan da ba ku kai ga haifa ba.

Ni ɗan tela ne. Mahaifina ya ƙare rayuwarsa a kan keken ɗinki, ba a taɓa jin ya ci ƙyallen wani ba. Ya sa ni makarantar allo, ya sa ni boko har na gama sakandare. Rubutuna yana da kyau, don haka da aikin gwamnati ya ƙi samuwa sai na kafa tebur a ƙarƙashin wata darbejiya a bakin kotu, ina rubuta wa mutane takardar ƙara da ta cinikin fili. Na auri Hajara, muka sami ɗa namiji, na mayar da sunan mahaifina, muna kiransa Halifa. Ba mu da shi da yawa, amma kullum ana ɗora tukunya. Allah kuma ya ba ni wani abu da ban roƙa ba, wato fuskar mutanen kirki. Ga gemu, ga sanyin murya, ga tabon salla a goshi. Ko hanya na nuna wa mutum sai ya yi mini godiya sau biyu.

Akwai wani mutum da ke yawo a harabar kotun, ana ce masa Sale Dogo. Shi ba lauya ba, shi ba ma'aikaci ba, amma babu shari'ar da za ta shiga ta fita bai san cikinta ba. Wata rana ya ajiye mini takardar cinikin wani fili, ya ce shaida ɗaya bai samu zuwa ba, in sa hannu a gurbinsa. Na ce ai ban ga cinikin ba. Ya ce ciniki dai an yi shi, ko na gani ko ban gani ba, hannu kawai ake nema. Na sa, ya ba ni na goro. Na koma gida ina jiran wani abu ya same ni, babu abin da ya same ni. Da a ce ranar nan ƙafata ta karye a hanya, da yau ina gode wa Allah a kanta.

Bayan wasu watanni rigima ta tashi a kan filin, aka kira ni in tabbatar da sa hannuna. Na tsaya gaban alƙali, na ce a gabana aka yi. Alƙali ya dubi gemuna, ya gyaɗa kai, ya rubuta. Da muka fito Sale ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ashe ɓata kanka kake yi a kan teburin nan."

Daga nan na zama mai shaidar haya. Abin sana'a ne sosai, yana da ƙa'idojinsa. In rigimar gona ce, ana gobe shari'a sai a ɗauke ni a acaɓa a kai ni in ga wurin, in haddace inda ɗorawa take da inda rijiya take da sunan maƙwabcin gabas. Ina da farar riga da hula da ba na sa su sai ranar kotu. Na koyi cewa shaidar da ta cika santsi ba a yarda da ita, don haka sai in sa ɗan tuntuɓe. In aka tambaye ni wace rana ce, sai in yi shiru, in dubi rufin ɗaki, in ce, "Ranka ya daɗe, ranar kam ban riƙe ba, kada in yi ƙarya, amma na tuna an yi yayyafi." Wannan kalma ta kada in yi ƙarya ta ci gonaki da yawa. Na yi shaida a kan aure da saki da gado, a garuruwa daban-daban, da sunaye daban-daban.

Ranar da aka fara ba ni Alƙur'ani in rantse, na yi kwana uku ba na cin abincin kirki. Tun muna yara muke jin abin da ke samun mai rantsuwa a kan ƙarya. Na jira hauka, na jira makanta, ko ciwon kai ban yi ba. Sai na ɗauka an yafe, ban san ajiye mini aka yi ba.

Cikin duk waɗanda na cuta, mutum ɗaya ce ta yi mini magana. Wata tsohuwa ce daga wajen Dutsen Abba, na shaida cewa mijinta ya sayar da gonarsu kafin ya rasu. Da aka tashi ta tare ni a bakin ƙofa. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, mijin nawa fari ne ko baƙi?" Na ratse ta gefenta na wuce.

Dubuna ta cika ne ta hanyar da ban taɓa zato ba. An yi wa wani alƙali canjin wurin aiki zuwa Zariya, ni ban sani ba. Na shiga da farar rigata, na faɗi sunana da unguwarmu. Ya ajiye alƙalami ya daɗe yana kallona, sannan ya ce bara a wani gari na tsaya gabansa, kuma a can sunana ba wannan ba ne, har na ce a ƙauyen aka haife ni. Ya tambaye ni sau nawa aka haife ni. Ban koma gida ba ranar. Aka ɗaure ni shekara uku, lokacin Halifa yana ɗan shekara tara.

A gidan yari tabarmata tana kusa da ta wani manomi wanda shaidar zur ce ta kai shi can. Ba ni na yi masa ba, amma aikin irin namu ne, ina jin labarin na gane salon. Kullum bayan salla sai ya ɗaga hannu ya kai ƙarar mutanen wurin Allah, ya juyo ya ce in ce amin. Ni kuwa na gaya masa rigimar fili ce ta kawo ni. Na yi wata da watanni ina cewa amin a kan kaina. A nan na tuba, na yi wa Allah alkawarin cewa bakina ba zai sake faɗin na gani a kan abin da ban gani ba, ba kuma zan sa wani ya faɗa ba. Da na fito na nemi tsohuwar nan in roƙe ta gafara, aka ce ta rasu a gidan 'yarta.

Na sami aikin kula da injin markaɗe a bakin layinmu, har yau shi nake yi. Na zaci na biya abin da ke kaina. Ashe a shekara ukun nan da nake ciki, akwai wanda yake biya a waje. Unguwa ta laƙaba mini suna Na-gani-da-idona, yara kuma suka juye shi a kan Halifa. In ana ƙwallo aka yi gardama ko ta shiga ko ba ta shiga ba, sai wani ya ce a kira baban Halifa ya rantse. In abu ya ɓace a aji ya ce ba shi ba ne, sai a yi dariya. Hajara ta ce tun yana dawowa da kuka har ya daina, ya koma dawowa da rigarsa a yage. Yaron da na bari mai surutu, na dawo na tarar ba ya haɗa ido da kowa.

Yana shekara goma sha shida ya bar makaranta. Ya koma zama a wata majalisa ta bayan kasuwa, inda babu mai tambayar ɗan waye kai. Daga sigari aka koma ƙwaya. Ba zan wanke ɗana ba, don na daina wannan aikin. Sau biyu ana biyo shi gida a kan wayar mutane, ina fita ina ba da haƙuri ana mayarwa. Na yi duka, na yi nasiha, na kai shi wurin kawunsa a Gyallesu ya koyi walda, sati biyu ya gudo. Na karɓo rubutu, na sa an yi sauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da bakin yi masa faɗa. In na ce ya ji tsoron Allah, sai ya sunkuyar da kai, amma ina ganin gefen bakinsa. Wata rana abin ya ishe ni, na zaunar da shi ina magana har hawaye suka zubo mini. Ya ɗago ya dube ni, ba da raini ba, kamar mai son ya sani da gaske, ya ce, "Baba, wannan kukan na gaske ne?"

Yana shekara goma sha tara, wata Laraba da safe, ya same ni a wurin inji da kansa. Ya ce ya gaji, yana so ya bar ƙwayar, amma in ya fita ba zai iya ba, in kulle shi. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba. Na rufe inji, na ce wa Hajara ta kwashi ƙannensa mata su tafi Gyallesu su kwana biyu, don ba na so su ga yayansu a wannan hali. Na shiga ɗaki da shi na sa sakata. Ranar Laraba da sauƙi. Ranar Alhamis kuwa tun hantsi jikinsa ke rawa, yana amai, yana zufa, yana dukan bango, yana roƙona in buɗe. Na rungume shi ta baya kamar yadda nake yi masa yana ƙarami in za a yi masa allura. Wajen la'asar maƙwabcinmu Malam Iliya ya yi sallama a zaure, ya ce yana jin motsi, ko lafiya. Na leƙa na ce lafiya lau, na gode. Ya ɗan tsaya, ya ga ban ce ya shigo ba, ya tafi. Rufin asiri nake nema wa ɗana. Da na ce masa bismilla, ya shigo ya ga yaron kwance a kan tabarma, da wannan labarin bai kai a rubuta ba.

A daidai wannan la'asar ɗin, a wani gefen gari, wasu samari uku suka tare wata ɗaliba a cikin keke Napep, suka ƙwace wayarta, suka yanke ta a hannu da ta ƙi saki. Aka kama ɗaya, ɗan majalisar su Halifa. Da aka matsa masa ya faɗi sauran, sai ya ɓoye na gasken ya ambaci ɗana. Ranar Asabar da safe 'yan sanda suka zo, Halifa yana zaune yana shan kunu, abinci na farko da ya zauna masa a ciki. Aka nuna wa yarinyar shi, ga rama, ga jajayen idanu, ta ce yana kama da ɗayansu. Ban ga laifinta ba, tsoro ne da ciwo.

Na bi su ina cewa yana tare da ni, wallahi yana tare da ni. Wani tsohon ɗan sanda ya dube ni da kyau, ya yi murmushi, ya ce wa na kusa da shi wani abu a kunne.

Ana saura sati a fara sauraron shaidu, Sale Dogo ya zo wurin inji. Ya tsufa, haƙoransa sun zube, amma idon nan yana nan. Ya jira mata suka ɗauki markaɗensu suka tafi, sannan ya ce ya ji abin da ya faru, kuma don zumunci ya zo, ba ya son komai. Ya ce, "Kai ka san aikin nan fiye da ni. In ka tsaya da kanka, ka kashe yaron. Ina da mutum biyu, fuskarsu sabuwa, babu kotun da ta san su. Za su ce ranar yana yi musu lodin buhuna a shago tun azahar har magariba. Kai za ka koya musu yadda za su faɗa." Na ce ya ba ni lokaci.

Na gaya wa Hajara, da ma ban gaya mata ba. Matar da ta yi shekara uku tana wankau don ta riƙe gida, ba ta taɓa neman komai a wurina ba, ta durƙusa a gabana. Ta ce, "Baban Halifa, ai ba ƙarya za a yi masa ba. Bai yi ba. Wurin kawai za a canza." Na ce haka Sale ya ce mini ranar farko, ciniki dai an yi shi. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ɗanta ta sani.

Na yi kwanaki ina juya abin. Na san zai yi aiki, har na tsinci kaina ina tsara musu maganar a zuciya, ina zaɓar inda za su yi tuntuɓe. Ranar da Sale ya dawo na ce masa a'a. Ina so in ce muku tsoron Allah ne zalla ya hana ni, amma na yi alkawarin ba zan ƙara a kan abin da na sani ba. Akwai tsoron Allah, akwai tsoron in asiri ya tonu in koma inda na fito, akwai kuma wani girman kai na mai tuba, ina ganin tunda na gyara, gaskiyata za ta isa. Sale ya kaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ranar shari'a ban sa farar riga ba, na sa ta wurin aiki. Na nemi a bar ni in yi alwala in riƙe Alƙur'ani. Na fara ba da labari, sai na ji muryata tana fita da sanyin nan na da. Aka tambaye ni ƙarfe nawa Malam Iliya ya yi sallama, na yi shiru ina tunani, na ga idona ya tafi rufin ɗaki da kansa. Na ce ban duba agogo ba, kada in yi ƙarya. Ina faɗa na gane kalmar nan ce ta da. Gaskiya nake faɗa tsantsa, amma ba ni da wata muryar da zan faɗe ta da ita sai wadda na yi shekaru ina haya da ita.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe a hankali. Ya tambaye ni ko an taɓa ɗaure ni, na ce e. Ya ce a kan me, na faɗa. Ya ce sau nawa na riƙe wannan Littafi a gaban alƙali, na ce ban san adadi ba.

Ya ce, "A cikinsu sau nawa ka faɗi gaskiya?"

Na ce, "Yau."

Kotu ta kwashe da dariya har sai da aka buga tebur. Na juya wurin Halifa, ya sa kansa a tsakanin gwiwoyinsa. Malam Iliya ya zo, Allah ya saka masa, ya faɗi iya abin da ya sani: ya ji motsi, bai ga kowa ba, ban bar shi ya shiga ba. Alƙali ya ce shaidar uba ga ɗansa da ma sai an auna ta, balle wannan uban. Ban ce ya zalunce ni ba. Ni ma da ni ne a kujerar, da abin da zan rubuta ke nan. Aka ɗaure Halifa shekara huɗu.

Na je ziyarar farko da kwanon tuwo. Aka fito da shi, ya zauna bai taɓa kwanon ba. Ashe Hajara ta gaya masa maganar Sale. Ya ce, "Baba, ka yi wa mutanen da ba ka sani ba shekara da shekaru. Ni sau ɗaya kawai na buƙata." Na buɗe baki in yi masa bayanin alkawari da lahira, na ga babu kalmar da za ta shiga. Ya tashi ya ce wa ganduroba ya gama.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Mun nemi a ɗaukaka ƙara, lauya ya ce sai da sabuwar shaida, ni kuwa ba ni da kowa sai ni. Na tambayi malamai biyu, duka sun ce na yi daidai. Na yarda da su, amma daidai ɗin ba ya sa in iya kallon Hajara in tana ninke kayansa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai tun ranar ba ta sake tambayata ra'ayina a kan komai ba. Ban san wane irin mutum zai fito mini daga can ba, yaron da ya zo da ƙafarsa ya ce in kulle shi don ya shiryu.

Ku matasa, ga abin da nake roƙonku. In aka miƙo muku takarda aka ce hannu kawai za ku sa, ku mayar da hannunku aljihu. In aboki ya ce ku ce kuna tare jiya alhali ba ku tare, ku ce ba za ku iya ba, ko zai daina gaishe ku. Kada ku ga kun yi na farko ba abin da ya same ku ku ɗauka an wuce wurin. Ni Allah bai taɓa lafiyata ba, idona garau, ƙafata garau. Yardar mutane kawai aka cire daga bakina, ban kuma san nauyinta ba sai ranar da ita kaɗai ce za ta fitar da ɗana. Tuba tana nan, ƙofarta a buɗe, ina kuma sa ran gafarar Ubangiji. Amma mutane ba a kan tubarka suke hukunci ba, a kan abin da suka sani ne, kuma suna da gaskiya.

Duk Asabar ina zuwa da kwano. Ba ya fitowa in aka ce ni ne, in kuma aka ce abincin daga babansa ne, yadda ya shiga haka yake dawowa. Don haka in ganduroba ya tambaya daga wa, sai in ce daga mahaifiyarsa. Ita ce ta dafa, ni ɗaukowa kawai na yi. Sai in zauna a kan benci a waje in jira, har a miƙo mini kwanon babu komai a ciki.